Makonnin da Sawu Ya Yi Shiru

Asabar 10 ga Afrilu 2010, bayan la'asar

Yau Sawu ya yi magana. Na zauna rubuta wannan kafin in ci abinci, don kada murnar ta huce.

Ƙungiyar da nake koya wa yara ordinatar, wato kwamfuta, a ɗakinta, nan unguwar Zariya, ta karɓi aikin raba abincin tamowa ga ƙananan likitocin karkara, wato ɗakunan shan magani, daga Tibiri har gaba da Jiratawa. Kowane majo, malamin jinyar da ke riƙe da likita, zai riƙa aiko saƙon salula: lambar wurinsa, yara nawa ke hannunsa, kwali nawa ya rage masa na ledojin gujiya. Akwai salula ɗaya ɗaure da ordinatar a buro, ofishinmu. Tubali, manhajar da ke cikin ordinatar, yana karanta saƙon, ya zuba shi a tebur, ya goge shi daga salular don ta samu wurin karɓar wani. Da teburin ake loda mota.

Tubali nawa ne, ginshiƙin da na rubuta bara don yara su riƙa ɗora ƙananan manhajojinsu a kai. Ina alfahari da shi, amma bebe ne. In abu ya lalace a cikinsa ba ya faɗa. Shi ya sa muka zauna yi masa baki. Atika ce ta rubuta mafi yawa, ita ce kuma ta raɗa masa suna Sawu, wai duk abin da ya wuce ya bar sawunsa. Kowane layi yana ɗauke da lokaci, da sashen da ya yi magana, da abin da ya ce. BAYANI fari ne, HATTARA rawaya, KUSKURE ja wur. Yana nunawa a fuskar ordinatar, yana kuma ajiyewa a fishiye, wato fayil.

Da layin farko ya fito, Gado ya yi tsalle har ya ture kujera. Mushe yaran suke ce mini, wato Malam.

"Mushe, ka mai da Tubali tsohuwa! Komi ta gani sai ta faɗi."

"Gara tsohuwa da kai," in ji Atika, "kai ko ba ka gani ba faɗi kake."

Har aka tashi tsohuwa yake ce mata. Waɗannan biyun su ne manyan ɗalibaina. Gado ɗan 'yar'uwar darektanmu ne, shi darektan sunansa Maman Lawali. Hannunsa na da sauri, bakinsa ya fi. Atika 'yar Sabon Gari ce, marainiya, uwarta na sayar da kayan miya a ƙofar gida. Masu ba ƙungiya kuɗi za su ɗauki ɗalibi ɗaya zuwa Yamai koyon aiki a Yuli, in ya yi kyau su riƙe shi. Sunanta aka aika. Ban taɓa sa hannu a abu da zuciya ɗaya haka ba.

Talata 13 ga Afrilu, da hantsi

An ɗauke kuran, wutar lantarki, aka maido, muka tarar layukan ƙarshe sun ɓace. Na tsaya ina zargin faifan ordinatar. Atika kuwa sai da na fita shan ruwa ta gyara. Ashe Sawu tara layuka yake a ƙwaƙwalwa kafin ya zuba su, kamar yadda na nuna mata. Yanzu kowane layi sai ya sauka ƙasa kafin a wuce. Na ce don me ba ta faɗa mini ba ina tsaye. Ta dubi ƙasa ta ce, "Ai kana magana, Mushe."

Na ƙara masa mataki na huɗu, SHIRU, don lokacin gwaji in layuka sun yi yawa. Kalma ɗaya ce a fishiyen saiti. In an sa ta, ba abin da zai fito, ba abin da za a ajiye.

Alhamis 15 ga Afrilu, da azahar

Zafi. Wata saniya ta faɗi a bakin hanyar da nake bi, ba wanda ya ɗauke ta. Makiyaya suna zubar da dabbobi a kasuwa kafin su mutu a hannunsu, nama ya yi araha, tiyar hatsi kuma ta gagari mutane. Matan ƙauye suna bin ƙofofin Zariya suna neman dusa. Tun da sojoji suka karɓi mulki an yarda a ce yunwa a rediyo. Bara mutanen da suke faɗinta yau da ƙarfi su ne suke cewa babu ita. Baki ɗaya, riga ɗaya, kalma kawai aka sake.

Litinin 19 ga Afrilu, da yamma

Jibi baƙi za su zo, wani kanar daga ofishin gwamna da Turawa biyu na masu ba da kuɗi. Darekta ya ce mu yi gwaji gabansa. Ya zo da abokansa uku, 'yan kasuwa, suna ta ƙamshin turare.

Saƙon Tibiri ya shigo, fari. Wani ya shigo, fari. Sai ga ja ya cika layi: KUSKURE, sashen rarraba saƙo, ban gane wannan ba. A gaba ga farkon saƙon, don Sawu harafi kaɗan yake nunawa: "Salamu alaikum Mushe ina kw".

Maman Lawali ya tuntsire da dariya.

"Mushe Ilyasu! Na'urar taka ba ta amsa sallama? Wa ya rubuta wurin nan da ya yi ja?"

"Ni ne, Darekta."

"Ashe malam ma yana faɗuwa jarrabawa. Ku duba, yara, ku duba da kyau." Ya juya ga abokansa. "Shekara nawa ya yi a Dakar, a koyo mana wannan?"

Sun yi dariya. Yara ba su yi ba. Na ga fuskar Gado ta ɓaci, na ga Atika ta sunkuyar da kai kamar ita aka zaga. Na ce wani ne kawai ya gaishe ni ta lambar da ba ta gaisuwa ba, zan duba.

Da zai fita ya daina dariya. "Jibi ban son ganin ja. Kanar ba ya son ja."

Laraba 21 ga Afrilu, bayan azahar

Sun zo, sun tafi. Fuskar ordinatar tas, tebur kawai, ko layi ɗaya na Sawu bai fito ba. Na lura, na ce a raina Atika ta ɓoye tagar ne saboda baƙi, na ji daɗin hankalinta. Kanar ya tambaya ko na'urar tana ƙarya. Darekta ya ce, "Ranka ya daɗe, mutum ne ke ƙarya." Aka tafa.

An gasa raguna biyu a tsakar gida. Ta gibin ƙofa ina hango matan nan zaune a inuwar katanga da ƙorai. Na ci. Na ci har na ƙara.

Juma'a 30 ga Afrilu, da safe

Aiki na tafiya kamar ruwa a kwari. Tibiri sun nemi ƙari, an kai. Likitar da ke gaba da Jiratawa kwali tara take nunawa tun makon jiya. Majo Jibo, tsohon da ke riƙe da ita, da alama mutum ne mai tattali. Ƙananan ɗalibai sun fara koyon madauki, wato sa umarni ya riƙa maimaita kansa, Tasalla ta sa ordinatar ta rubuta sunanta har ta ƙi tsayawa, muka yi ta dariya.

Saniyar nan tana nan. Yanzu ta bayan masallaci nake bi.

Litinin 10 ga Mayu, da azahar

Majo Jibo ya zo da kansa bisa kabu-kabu. Ba zan rubuta yau ba.

Talata 11 ga Mayu, bayan asuba

Ya shigo da ƙura har gira, ya yi sallama, ya gaishe ni, ya gaida Atika, ya gaida Gado, ya tambayi iyalina. Sannan ya zauna ya ce, "Mushe, mi na yi muku?"

Na nuna masa tebur. Kwali tara.

"Tara? Ranar da yarona ya tafi Kano cin rani ke nan. Shi ka aiko muku saƙo a da. Tun daga nan ni ka rubutawa da hannuna. Ledar ƙarshe ta ƙare sati biyu ke nan."

Ya ciro salularsa, ya nisanta ta da ido, ya karanta mana ɗaya. Sallama, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya zafi, Allah ya saka da alheri bisa wannan aiki. Can ƙarshe lambar wurinsa, da yawan yara, da kwali biyu. Na gaba kwali ɗaya. Na gaba babu. Na gaba babu, don Allah.

Tubali lamba yake nema a farkon saƙo. In bai gan ta ba sai ya yar da saƙon, ya gaya wa Sawu. Ni na rubuta shi haka. A wajen horo na ce musu lamba kawai, kuma yaronsa ne ya zo horon.

"An ce maka ban da gaisuwa, Majo?" in ji Gado, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaro ya faɗi. Na ce wanga rashin kunya ne na 'yan zamani. In roƙi mutum abinci ban gaishe shi ba? Ni ba soja ba ne."

Ya ce ya kira Darekta har sau biyu. An ce masa komai yana cikin ordinatar, layi ne, ya yi haƙuri. Babba ya ce ka jira, sai ya jira. Shi kaɗai ne a wurin, in ya taso ba mai duba kowa.

Atika ta tambaye shi yaran.

Ya dube ta ya ce, "Ɗiyata, a ba ni ruwa."

Talata, bayan azahar

Mun buɗe fishiyen Sawu don mu ga ranakun. Babu komai. Layi na ƙarshe shi ne jan nan na ranar gwaji. Daga nan fari fat, kamar gulbi a watan nan.

Atika ta buɗe saiti. SHIRU.

Ta ce ba ita ba ce. Na ce na sani. Duka da suna ɗaya muke shiga ordinatar, sunana, don yaran sun ce ba za su buɗe nasu kusa da na malaminsu ba, ni kuma abin ya yi mini daɗi a lokacin. To ga shi. Ba a san hannun kowa ba.

Mako uku ina kallon fuska mai tsabta ina cewa madalla.

Laraba 12 ga Mayu, da yamma

Na bi motar da ta kai kaya. Bayan Jiratawa hanya ta zama yashi. Gonaki fayau, sai mata suna tsinkar anza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci da ake ci in yunwa ta kai.

Rumfar zana ce a bayan likitar, da tabarmi. Wasu tabarmin an naɗe su an jingine. Majo ya kau da ido daga wurin, ni ma ban tambayi yaran da suka kwanta a kansu ba. Wata mata ta durƙusa tana yi mini godiya saboda na kawo kwali. Ta riƙe gefen rigata tana sa mini albarka.

Na wanke hannu a can, na wanke a gida. Matata ta kawo tuwo da miyar nama, na ce ta ɗauke.

Asabar 15 ga Mayu, da hantsi

Darekta ya kira ni buronsa. Sanyin na'ura kamar wata ƙasa.

"Turawa sun ji. Perefe mai mulkin yankin nan ya ji. Ranar Alhamis ta sama kwamiti zai zauna, kuma suna son suna."

Na ce saƙon a sashena ya faɗi, kuma an kira shi a waya.

"Wace waya? Ka san mutum nawa ke kirana a yini?" Ya miƙo mini lemo, ban karɓa ba. "Ka saurare ni, Ilyasu. In aka ce kai ne, sun ce ginshiƙin duka ruɓaɓɓe ne, su janye, likita goma sha huɗu su koma aiko da takarda bisa jaki. Ɗakinka a rufe, yaranka su watse. In aka ce Majo ne, tsoho ne mai jama'a, garinsu zai tashi. Shi abin da ya yi shirun, wa ya rubuta shi?"

"Rubutawa daban, kashewa daban."

"Sunan wa ke samansa?"

Sunan Atika ne. Ni na sa ta rubuta sunanta a kan fishiyen, ranar da ta gama. Ta ƙi, na matsa.

"Yarinya ce," in ji shi. "Ba ɗaure ta za a yi ba. Yamai ce kawai ba za ta je ba, ta bar zuwa nan. Gobe ta yi aure ta manta."

Na fito, zafi ya mare ni, na ji ya fi mini sanyin nan tsabta.

Lahadi 16 ga Mayu, da azahar

Ban gaya wa Atika ba.

Litinin 17 ga Mayu, bayan la'asar

Gado ya biyo ni har gindin iccen bedin da ke ƙofar gidana. Bai yi wasa ko ɗaya ba a hanya, daga nan na sani.

"Mushe, ni ne."

Ya ce ranar gwaji bai iya cin abinci ba. Kawunsa ya wulaƙanta ni gaban mutanen da ko kunna ordinatar ba su iya ba. Ya rantse ba za a sake ba gaban kanar. Washegari da sassafe ya sa kalmar, da niyyar cirewa in baƙi sun tafi. Da suka tafi ya ga ina fara'a, ina cewa aiki ya yi tsabta.

"In na cire, jan zai dawo, kuma a wurinka yake fitowa. Na ce bari Mushe ya huta kwana biyu. Sai na manta. Walla mantawa na yi."

Yana kuka yana share hanci da hannun riga. Yaron da na koya wa riƙe linzamin ordinatar.

"Saboda kai na yi, Mushe."

Na so in mare shi. Na so in rungume shi. Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne wani wuri a cikina ya ji daɗin maganar.

Ya ce in Kawu ya ji, zai kore shi ya kori uwarsa daga gidan da ya ba su. Ya kama ƙafata. Na ce ya tashi, mutane na kallo. Na ce ranar Alhamis shi zai faɗa da bakinsa. Ya ce to. Irin to ɗin da ake ce wa malami.

Laraba 19 ga Mayu, da safe

Na gyara Tubali. Yanzu yana bin saƙo duka har ya sami lamba, ko an gaishe shi da dangi kaf. Kafin shayina ya huce na gama. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Atika ta cire SHIRU gaba ɗaya. Ta raba abin da ake nunawa da abin da ake ajiyewa, ta sa duk KUSKURE ya riƙa buga salulata, kuma duk wurin da ya yi kwana huɗu bai yi magana ba ya koma rawaya a tebur. Tana aiki tana cewa in ta je Yamai za ta nuna musu wannan, ko za su sa a sauran jihohi.

Na ce aikin ya yi kyau.

Alhamis 20 ga Mayu, bayan la'asar

Kwamiti: Darekta, wakilin perefe, Alhazai biyu, da Baturiya ɗaya da mai yi mata fassara. An kawo tsire a faranti tun kafin a buɗe da addu'a. Atika na zaune a benci kusa da ƙofa da mayafinta na Juma'a. A wurin ta fara jin abin da aka tara mutane a kai. Gado na bayan kawunsa, yana zuba wa baƙi ruwa.

Darekta ya yi bayani mai daɗi. Ƙuruciya, rashin ƙwarewa, ba da gangan ba, ƙungiya ta yafe.

Na tashi. Na ce saƙon a sashen da na rubuta ya faɗi. Na ce na ga jan da idona na ce zan duba ban duba ba. Na ce wanda ya kashe Sawu ba Atika ba ce.

Wakilin perefe ya ce, "To wane ne?"

Fanka tana juyawa. Gado ya ci gaba da zuba ruwa a kofin da ya riga ya cika.

Ɗaya daga cikin Alhazan ya girgiza kai yana murmushi. "Allah sarki. Malami ke nan. Yana son ya rufa wa ɗalibarsa asiri, har ya ɗora wa kansa. Irinku sun yi kaɗan, Mushe."

"Halinsa ne," in ji Darekta. "Tun muna 'yan makaranta a lakwal haka yake."

Mai fassara ya juya wa Baturiyar, ta dube ni da tausayi, ta rubuta wani abu. Aka ce in zauna, Allah ya biya ni. Na faɗi gaskiya an karɓe ta a matsayin ladabi, an shafa mini kai.

Aka tambayi Atika ko tana da magana. Ta ce, "Ba ni na kashe shi ba." Sau ɗaya, ba ta ƙara ba. Wakilin perefe ya ce yaran yanzu ba su iya karɓar afuwa ba.

An rufe da addu'a. An cinye tsiren.

Juma'a 21 ga Mayu, da safe

Jiya a kwamiti sun tambaye ni wane ne. Ni ne ban faɗa ba.

Asabar 22 ga Mayu, da azahar

Aji. Kujerar Atika babu kowa. 'Yan mata uku ba su zo ba, har da Tasalla. An ce a Sabon Gari magana ta zaga, wai wata yarinya ta danna na'ura ta hana yara abinci. Na koyar da madauki ga waɗanda suka zo. Muryata tana fita lafiya lau, da raha da komai. Ban san daga ina take fitowa ba.

Na yi niyyar ajiye makullin ɗakin a teburin Darekta. Salulata ta buga, KUSKURE daga wani wuri bayan Tibiri, majo ya juya lambobi. Na kira shi muka gyara. In na tafi wa zai ɗauka?

Alhamis 3 ga Yuni, da yamma

An yi yayyafi, bai jiƙa ƙasa ba, ya dai tayar da wari.

Wurin Yamai ba za a bar shi ya tafi a banza ba, in ji Darekta, kuma an matso da ranar. Gado za a aika. Ya zo yi mini ban kwana, ya tsaya a zaure ya kasa shigowa. Ya ce in sa masa albarka. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya jira ƙari, ban ƙara ba.

Asabar 5 ga Yuni, bayan la'asar

Na je Sabon Gari. Uwar Atika na ƙofar gida bayan tiren tumatur da ya fara laushi. Ta amsa gaisuwata duka, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗago ba. Ta aika a kira ta.

Atika ta fito da hannu jiƙe da ruwan wanki. Ta tsaya a bakin zaure, ba ta ce in shiga ba.

Na ce na zo in gaya mata wanda ya yi.

"Gado ne," in ji ta.

Na tambaye ta tun yaushe.

"Tun ranar da Majo ya zo. Daga ranar bai sake tsokanata ba. Gado ya yini bai ce mini tsohuwa ba?"

"Me ya sa ba ki faɗa a kwamiti ba?"

"In na faɗi, marainiya ce ke jifar ɗan gida. Kai za su ji." Ta matse bakin zanenta. "Na ga ka tashi, na ce shi ke nan. Sai ka yi magana kamar mai neman alfarma. Ko ni da na san gaskiya ce, Mushe, sai da na yi shakka."

Na ce zan rubuta wa Turawan, zan je Yamai da kaina in ya kama, in faɗi sunan.

"Motar Gado ta wuce Dogon Dutsi yanzu. Kuma sun riga sun san kai mutumin kirki ne."

Uwarta tana korar ƙuda daga tumatur.

"Wurin Majo Jibo kwali nawa ya rage?"

Na ce huɗu, jiya.

"Da yaran da ke hannunsa ba zai kai Laraba ba. Direban Darekta ba ya fita Litinin sai an tsaya a kansa. Kar ka aika, ka je da kanka."

Na ce to.

"Ba to ba, Mushe. Ka je."

Ta koma ciki wurin wankinta.